Yadda Za Ka Yanke Shawarar Sayen Inshora Kafin Hawa Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Sai mutum ya gama zaɓen ɗakinsa a jirgi, ya tsayar da ranar tashi, ya zo wurin biyan kuɗi, sannan ake jefo masa tambayar: za ka haɗa da inshora? A daidai wannan lokacin hankali ya riga ya tafi tsibiran Karibiyan ko gaɓar Italiya, aljihu kuma ya riga ya ji jiki. Shi ya sa da yawa suke danna "a'a" su wuce, wasu kuma su danna "eh" ba su karanta ko layi ɗaya ba. Duka biyun ganganci ne, kuma na biyun ya fi ba ni tausayi, don shi ya biya kuɗi ya kwanta da tunanin yana da kariya, sai ranar da bukata ta taso ya tarar ba abin da ya saya ke nan ba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, yawancin masu wannan tafiya suna bukatar inshora. Amma dalilin ba shi ne wanda ake yawan kawowa ba. Ba don akwati zai iya ɓata ba ne. Tafiyar jirgin ruwa ta bambanta da zuwa otal ta hanya uku: ana biyan kuɗinta gaba ɗaya watanni kafin a tashi, jirgin ba ya jiran kowa, asibiti kuma yana da nisa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga waɗannan ukun ya fito.

Mataki na farko: san abin da zai salwanta idan ka fasa

Ɗauki takarda ka rubuta duk kuɗin da ka biya ko za ka biya kafin ranar tashi: kuɗin ɗaki a jirgi, tikitin jirgin sama zuwa tashar da za a tashi, otal ɗin da za ka kwana kafin hawa, yawon gari da ka yi rajistarsa a tashoshin da za a yada zango. A gaban kowanne ka rubuta nawa za a mayar maka idan ka fasa. Abin da ba za a mayar ba, shi kaɗai ake yi wa inshora. Otal ɗin da ya yarda ka fasa kyauta har ana gobe zuwa, babu dalilin sa shi a lissafi, don zai ƙara maka tsadar inshorar ne kawai.

Daga nan ka nemo jadawalin fasa tafiya na kamfanin jirgin. Yana cikin yarjejeniyar tikiti, wadda kusan ba mai karantawa. Tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: kana ba da kafin alƙalami ranar da ka kama ɗaki, sai a nemi cikon kuɗin wajen wata biyu da rabi zuwa huɗu kafin tashi. Da zarar ka cika, tarar fasawa ta fara hawa. Da farko kafin alƙalamin ne zai tafi, can gaba rabin kuɗin, sannan kashi 75 cikin 100, a makonnin ƙarshe kuwa ko sisi ba za ka gani ba, ko da kuwa kana kwance a gadon asibiti da takardar likita a hannu. Kamfanin bai yi maka zalunci ba, abin da ka sa wa hannu ke nan.

A ce mutum biyu ne, ɗakin jirgi dala 3,000, tikitin sama dala 1,600 wanda ba a mayarwa, yawon gari dala 400. Dala 5,000 ke nan a kan siraɗi. Inshorar da ta haɗa komai yawanci tana kamawa daga kashi 4 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin tafiyar, gwargwadon shekarun matafiyi da tsawon kwanakin, wato a wannan misalin tsakanin dala 200 da 500. Sai ka tambayi kanka tsakani da Allah: idan wannan dubu biyar ɗin ta tafi, zan ji zafi ne kawai na wata guda, ko za ta taɓa kuɗin makarantar yara? Amsar ita ce za ta gaya maka ko kana bukatar ɓangaren fasa tafiya.

Mataki na biyu: duba kariyar da kake da ita a hannu

Kafin ka sayi sabuwa, ka bincika tsohuwa. Buga wa kamfanin inshorar lafiyarka waya, ka yi musu tambaya a fili: idan na kwanta rashin lafiya a cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku, ko a asibitin wata ƙasa, za ku biya? Za ku biya kuɗin dawo da ni gida? Ka nemi amsar a rubuce.

Sau da yawa amsar a'a ce, har a ƙasashen da gwamnati ke ɗaukar nauyin lafiya. Shirin Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, ba ya biyan maganin da aka yi wa mutum a jirgi idan jirgin ya yi nisan fiye da awa 6 daga wata tashar Amurka. Katin lafiyar da 'yan Birtaniya da 'yan Tarayyar Turai suke riƙewa yana aiki ne a asibitocin gwamnati na kan tudu, ba ya biyan asibiti mai zaman kansa, ba ya kuma biyan kuɗin mayar da mara lafiya ƙasarsa. Ɗakin shan magani na jirgi kuwa mai zaman kansa ne. A Ostireliya ma gwamnati tana jan kunnen 'yan ƙasar cewa ko jirgin bai bar ruwan ƙasar ba, ba lallai tsarin lafiyarsu ya biya likitan cikin jirgi ba. Daga cikin dalilan: yawancin manyan jiragen nan suna ɗauke da tutar Bahamas, Panama, Malta ko Bamuda, likitocinsu kuma ba sa cikin tsarin lafiyar ƙasar fasinja.

Katin banki ma a duba shi. Wasu manyan katuna suna zuwa da inshorar tafiya, amma da sharaɗin da katin ka biya kuɗin tafiyar, kuma galibi ƙarfinsu yana wajen fasa tafiya da jinkirin jirgin sama ne. Ɓangaren magani a cikinsu ko dai ƙarami ne ko babu shi sam. Idan katinka ya rufe fasa tafiya da kyau, ka samu sauƙi: sai ka sayi inshorar lafiya da kwashe mara lafiya ita kaɗai, wadda ta fi araha nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: rashin lafiya a teku

A nan zan daɗe, don nan ne zancen yake.

Ka ɗauka dare na huɗu ne, ƙarfe biyu, jirgi yana tsakanin tsibiri da tsibiri. Maiɗakinka ta tashe ka tana dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa mata wuya. Ka danna lambar gaggawa a wayar ɗaki. Ma'aikatan jinya biyu suka iso da keken marasa lafiya, aka gangara da ku can ƙasan jirgi inda asibitin yake, ɗan wuri mai gadaje kaɗan da farin haske. Aka liƙa mata wayoyin gwajin zuciya, aka ɗebi jini, aka sa mata iskar numfashi da ƙarin ruwa. Likita ya san aikinsa, kayan aikin ma ba laifi. Kana tsaye sai aka miƙo maka takarda ka sa hannu, aka karɓi katin ɗakinka, wannan dai da kake buɗe ƙofa da shi. Duk abin da aka yi mata a kansa ake rubutawa, ganin likita da gwaji da magani da kowace awa ta kwanciya, kuma daga katin bankin da ka jingina ranar hawa za a cire. Asibitin jirgi ba ya cikin kuɗin tikiti, kuma a mafi yawan jirage ba ya bin kamfanin inshora bashi. Kai za ka biya, daga baya ka nemi a mayar maka.

Da asuba likitan ya kira ka gefe ya ce ta samu sauƙi, amma ba za ta ci gaba da tafiyar ba. Hukuncin nasa ne da na kyaftin, ba a neman yardarka. Asibitin jirgi an yi shi ne don a tsayar da ciwo har a kai mutum tudu, ba don doguwar jinya ko babbar tiyata ba. Ƙarfe takwas jirgi ya tsaya, motar asibiti tana jira a bakin tasha, ma'aikata sun haɗa muku akwatunanku sun sauko da su. Asibitin da aka kai ku mai zaman kansa ne, ya ce a ajiye kuɗi kafin a ba da gado. Da yamma, kana zaune a baranda, ka ji ƙahon jirgin yana tashi.

Daga wannan lokacin komai a wuyanka yake: kuɗin asibiti, otal ɗin da za ka zauna kusa da ita, sabon tikitin komawa. Idan kuma likitoci suka ce ba za ta iya zama a kujerar jirgin fasinja ba, sai an ɗauko jirgin ɗaukar marasa lafiya mai likita a ciki. Shi kaɗai yana cin dubun-dubatar daloli, daga wuri mai nisa kuma yana iya haura dala 100,000.

Mutane sukan ce ai akwai jirgi mai saukar ungulu. Akwai, kuma dakarun tsaron gaɓar teku na Amurka ba sa karɓar kuɗi idan suka ɗauke mara lafiya daga jirgi. Sai dai aikinsu yana ƙarewa ne da sun ajiye shi a tudu, sannan mai saukar ungulun yana da iyakar nisan da zai iya zuwa. A watan Maris na 2019, lokacin da injunan jirgin Viking Sky suka tsaya cikin guguwa a gaɓar Norwe, an kwashe mutum 479 ta sama, ɗaya bayan ɗaya. Hakan ya yiwu ne don jirgin yana dab da gaɓa. Wanda yake tsakiyar Tekun Atlantika, kwana uku daga kowace ƙasa, babu mai zuwa ɗaukarsa sai jirgin ruwan ya matso kusa da gaɓa.

To me za ka nema a takardar inshorar? Lambobi biyu. Na farko iyakar kuɗin magani, na biyu iyakar kuɗin kwashe mara lafiya da mayar da shi gida. Shawarata kada na farkon ya gaza dala 100,000, na biyun kada ya gaza dala 250,000. Idan tafiyar za ta taɓa tashoshin Amurka, ka ɗaga na farkon, don maganin can yana cikin mafi tsada a duniya. Idan Antaktika za ka, ko tsibiran Tekun Fasifik masu nisa, ka ɗaga na biyun. Masu kai mutane Antaktika daga Ushuwaya ta Ajantina yawanci ma ba sa ɗaukar fasinjan da ba shi da inshorar kwashewa.

Bayan lambobin, akwai tambayoyi uku da za ka yi wa mai sayarwa. Ina za a kai mara lafiyan: asibiti mafi kusa da zai iya aikin, ko har ƙasarsa? Su ne masu fara biya, ko sai ka fara neman kuɗin daga wata inshorar ta ƙi sannan su shigo? Kuma suna iya aika wa asibiti takardar lamuni kai tsaye, don kada a tsare ka a bakin ƙofa ana neman kuɗin ajiya? Ka kuma tabbatar an rubuta mayar da gawa gida. Ba magana ce mai daɗin ji ba, amma wanda ya bar iyalinsa da wannan nauyin a baƙuwar ƙasa ya bar su da abu mai girma.

Abu ɗaya kuma da ake yawan tuntuɓe a kai: a wasu ƙasashe, musamman Birtaniya da Ostireliya, inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta rufe jirgin ruwan shaƙatawa sai ka nemi a ƙara maka shi, ka biya ƙari. Ka nemi kalmar jirgin ruwa da idonka a cikin takardar. Ka kuma jera duk ƙasashen da za a tsaya, ba ƙasar tashi kaɗai ba. Jirgin da ya bar Basalona zai iya tsayawa a Tunisiya ko Maroko, inshorar da aka yanka wa Turai kawai kuwa ba lallai ta bi ka can ba.

Mataki na huɗu: idan jirgi ya tafi ya bar ka

Hanya biyu ce. Ko dai jirgin sama ya makara ka rasa ranar hawa, ko kuma ka fita yawo a wata tasha ka dawo ka tarar an janye gada. Ta farkon maganinta mai sauƙi ne, kuma ya fi kowace inshora: ka isa garin tashi kwana ɗaya kafin ranar, biyu ma idan daga wata nahiyar za ka taso. Amma duk da haka ka duba ko inshorar tana biyan kuɗin cim ma jirgi a tasha ta gaba, da awa nawa na jinkiri ake bukata kafin ta fara aiki. Wata awa uku ce, wata shida, wata sha biyu.

Ta biyun ta fi ciwo. Idan da motar yawon da kamfanin jirgin ya shirya ka fita, za a jira ku ko a kai ku tasha ta gaba. Idan da kanka ka fita, babu mai jiranka. Kuma inshora ba ta biyan wanda ya shagala a kasuwa, ko wanda agogon wayarsa ya koma lokacin gari alhali jirgi yana bin nasa lokacin. Sai dai idan hatsari ne ko lalacewar mota, shi ma da shaida.

Mataki na biyar: wurin wa za ka saya

Wadda kamfanin jirgin yake tallatawa ta fi sauƙin saye, dannawa ɗaya ce. Tana da amfani ɗaya na gaske: galibi kuɗinta ba ya hawa da shekaru, don haka ga wanda ya haura saba'in tana iya fin ta waje araha sosai. Amma iyakar kuɗin maganinta kan zama ƙarama. Sau da yawa abin da ka saya ta hannunsu kawai take rufewa, ban da tikitin saman da ka yanka da kanka. Idan kuma ka fasa don wani dalilin da ba ya cikin jerinsu, abin da za a ba ka ba tsabar kuɗi ba ne, takardar wata tafiyar ce nan gaba, mai wa'adi.

Babbar matsalar kuwa ita ce ranar da kamfanin da kansa ya durƙushe. Ya faru. A watan Janairun 2022 wani jirgin kamfanin Crystal Cruises da ya kamata ya sauke fasinjoji a Miyami ya karkata zuwa Bahamas, saboda wata kotun Amurka ta ba da umarnin a kama shi kan bashin mai. Cikin 'yan makonni kamfanin ya rufe, mutanen da suka biya kuɗin tafiye-tafiyen gaba suka shiga layin masu bin bashi. Inshorar da ka saya ta hannun kamfani ba ta saba rufe karyewar wannan kamfanin ba. Ta kamfani mai zaman kansa tana iya rufewa, amma ba kowace ba, don haka ka nemi wannan sharaɗin da sunansa. Biya da katin bashi shi ma kariya ce, don banki yana iya janyo maka kuɗin abin da ba a yi maka ba.

Ka saya daga kamfanin da yake da lasisi a ƙasar da kake zaune. Yawancin inshorori ana sayar da su ne ga mazauna wata ƙasa takamaimai. Wanda ya cike adireshin da ba nasa ba don ya samu mai araha, ranar neman diyya za a gano, a soke ta. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, da suke da shirin tafiya, tambayoyin da zai yi musu su ne dai waɗannan.

Wani lokacin ma ba zaɓi ba ne. Mai neman bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, dole ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 wadda ta haɗa da mayar da shi gida. Kyuba tana neman baƙi su shigo da inshorar lafiya tun 2010. Wasu kamfanonin jiragen ma sun sa ta cikin sharuɗɗan hawa. Amma kada takardar da ka yanka don biza ta ruɗe ka: yuro 30,000 ya ishi ofishin jakadanci, bai ishi jirgin ɗaukar mara lafiya ba.

Mataki na shida: lokacin saye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi inshorar a makon da ka ba da kafin alƙalami, kada ka jira ranar cikon kuɗi. Ba don farashi zai tashi ba, sai don wasu ƙofofi suna rufewa. A kasuwar Amurka, alal misali, yafe sharaɗin tsohon ciwo, wato su yarda su biya ko da ciwon da kake da shi tun kafin saye ne ya tashi, yana samuwa ne kawai ga wanda ya saya cikin kwana 14 zuwa 21 daga biyan farko. Haka ma ƙarin nan da ke ba ka damar fasawa kan kowane irin dalili: shi ma a wannan ɗan tsakanin ake sayensa, yana mayar da kashi 50 zuwa 75 cikin 100 ne kawai, kuma sai ka fasa aƙalla kwana biyu kafin tashi. Yana da tsada. Ban cika ba da shawararsa ba sai ga mai jiran biza, ko mai aikin da hutunsa ba shi da tabbas, don ƙin ba da biza da hana hutu ba sa cikin dalilan da yawancin inshorori suke karɓa.

Ƙa'idar inshora ita ce ba ta rufe abin da aka riga aka sani. Lokacin guguwa a Tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Da zarar an raɗa wa guguwa suna, wanda ya sayi inshora bayan nan ba za a biya shi kan wannan guguwar ba. Haka idan mahaifinka ya kwanta asibiti ranar Litinin ka sayi inshora ranar Talata.

Idan daga baya ka ƙara tikiti ko otal, ka kira su a ƙara adadin. Ranakun inshorar kuma su fara daga ranar da ka bar gida zuwa ranar da ka dawo, ba kwanakin jirgi kaɗai ba.

Mataki na bakwai: faɗi gaskiyar lafiyarka

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hawan jini, ciwon suga, asma, tiyatar bara, maganin da aka canza maka watan jiya, gwajin da kake jiran sakamakonsa, duk ka faɗa. Wasu kamfanonin tambayoyi za su yi maka su ƙara kuɗi. Wasu ba sa tambaya, amma sun rubuta cewa za su waiwayi watanni biyu zuwa shida kafin ranar saye, duk ciwon da aka duba ka a kansa ko aka sauya maka magani a wannan tsakanin ba sa biya. Idan abu ya faru, takardun asibitinka za su fara nema, kuma da ka ɓoye abu ɗaya suna iya ƙin biyan komai. Ka tambaya kuma ko wannan sharaɗin ya shafi dangin da ba sa cikin tafiyar, don sau da yawa ba ciwon matafiyi ne ke sa a fasa ba, na tsohon da aka bari a gida ne.

Mai juna biyu ta lissafa makonninta tun kafin ta biya. Yawancin manyan kamfanonin jirage ba sa ɗaukar wadda cikinta zai shiga mako na 24 a lokacin tafiyar, kuma cikin da yake lafiya lau ba kowace inshora ce take ɗaukarsa dalilin fasawa ba.

Mataki na takwas: karanta abin da ba sa biya

Bayan saye ana ba da 'yan kwanaki, galibi 10 zuwa 15, da za ka iya mayar da inshorar a ba ka kuɗinka. Yi amfani da su. Tsallake shafukan talla ka tafi kai tsaye babin abubuwan da aka cire. Raunin da aka ji cikin maye ba a biya. Nutso da tukunyar iska, babur ɗin ruwa, hayar babur ba lasisi ko ba hular kwano, da yawa suna waje sai an ƙara su, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake tallata wa fasinja a kowace tasha. Duba maganar annoba da killacewa. A watan Fabrairun 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum sama da 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. Tun daga lokacin kamfanoni suke rubuta matsayinsu kan annoba a fili, wasu suna biya, wasu ba sa biya. Ko ba annoba, cutar amai da gudawa tana yawo a jirage, likita kuma yana iya tsare ka a ɗaki kwana ɗaya ko biyu. Akwai inshorar da take ba da ɗan kuɗi kan kowace ranar tsarewa.

Sauya hanya kuwa ka sa a ranka haƙƙin kyaftin ne. Idan iska ta hana tsayawa a tsibirin da saboda shi ka biya kuɗin, yarjejeniyar tikiti ta ba su dama, abin da za a mayar maka galibi bai wuce harajin wannan tashar da kuɗin yawon garin da ka saya ta hannunsu ba. Wasu inshorori suna ba da ɗan abu kan tashar da aka tsallake, amma ba shi ne abin dogaro ba. Kaya ma haka: yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Atens ta 1974, wadda aka yi wa gyara a 2002, ta sa iyaka kan abin da kamfanin jirgi zai biya, inshora ma tana da iyaka kan kowane abu guda. Gwal da kwamfuta da magunguna a jakar hannu suke tafiya.

Wa zai iya haƙura da ita?

Wanda tafiyarsa ta kwana uku ce, mai araha, zai tuƙa mota zuwa tasha, kuma asarar kuɗin ba za ta girgiza shi ba, yana iya barin ɓangaren fasa tafiya. Wanda yake hawa jirgi sau biyu ko uku a shekara, ya duba inshorar shekara guda, ya tabbatar ta haɗa da jirgin ruwa. Amma ɓangaren magani da kwashewa ban ga wanda zan ce wa ya bari ba, yaro ko babba, sai wanda ya riƙe takarda daga inshorar lafiyarsa cewa tana bin sa har teku. Saurayi mai ƙarfi ma yana zamewa a bakin wurin ninƙaya, tsakuwar ciki kuma ba ta tambayar shekaru.

Mataki na ƙarshe: ranar da bukata ta taso

Ka buga takardar inshorar a kan takarda, kada ka dogara da waya, don intanet a teku yana da tsada kuma yana yankewa. Lambar inshora da lambar kiran gaggawa ta awa 24 ka rubuta su a ɗan kati cikin fasfo, abokin tafiyarka ya riƙe ɗaya, wani a gida ya riƙe ɗaya. Duk tashar da za ka sauka, ka ɗauki hoton takardar shirin ranar da ake ajiye maka a ɗaki, don a jikinta ake rubuta lambar wakilin jirgin na wannan garin, shi ne mutumin da za ka nema idan an bar ka.

Idan ciwo ya kai ga kwanciya, a kira lambar gaggawar nan da wuri, tun kana asibitin jirgi idan da hali. Kwashewar da ba su suka shirya ko suka amince da ita ba, da yawansu ba sa biya. Kafin ka bar jirgi ka karɓi rahoton likita da rasit mai bayanin kowane abu da kuɗinsa, don bayan jirgi ya tashi samun su yana ɗaukar makonni. Jinkirin jirgin sama, ka nemi kamfanin ya rubuta maka dalili da adadin awoyin. Sata, ka kai rahoto ga jami'an tsaron jirgi ko 'yan sandan garin a ranar, ka karɓi kwafi. Idan fasawa ce tun daga gida, ka ga likita kafin ka fasa, ya rubuta cewa ba za ka iya tafiya ba, sannan ka sanar da kamfanin jirgi nan take, don inshora tana biyan tarar ranar da ciwon ya same ka ne, ba wadda ta ƙaru saboda ka yi jinkirin faɗa.

Da ka dawo ka cike takardar neman diyya a makon farko, tun rasit bai ɓata ba, don akwai wa'adi. Ka ajiye kwafin duk abin da ka aika. Idan aka ƙi biya, ka nemi su nuna maka sakin layin da suka dogara da shi a rubuce, ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in ba a daidaita ba ka kai wa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasar da ka saya.